Wa Zai Ɗauki Kofin Majigi

"Kaltume, saura kwana nawa a wa'adin da kika ɗiba?"

Malam Zakari ne ya yi tambayar. Yana zaune kan buzunsa a zaure yana feƙe alƙalami, ko ɗago kai bai yi ba. 'Yarsa Kaltume ta ajiye masa kwanon koko, ta durƙusa daga gefe.

"Gobe ne, Baba. Gobe da rana za a faɗi wanda ya ci kofin."

"Kofi." Malam ya maimaita kalmar kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa. "Yau ni Zakari na wayi gari auren 'yata yana jiran kofin masu wasa da inuwar mutane. To, na ji. Ke bazawara ce, ba ni da ikon yi miki dole, kuma ba zan yi ba. Amma sau uku Maliki yana turo manyansa, sau uku ina sunkuyar da kai a gabansu. Yaro mai karatu, ga aikinsa na akawu, ga natsuwa. Shi kuwa wancan mai surutu a lasifika, ko goro ɗaya bai taɓa aiko wa gidan nan ba."

"Cewa ya yi da zarar an tabbatar da shi a aiki..."

"Shekara biyu ke nan yana cewa." Malam ya ajiye wuƙar, ya dube ta. Muryarsa ta yi sanyi. "Ba ƙinki nake yi ba, uwata. Tsoro nake ji miki. Jibi da safe ko dai manyan Abdurrahim su zauna a zauren nan, ko kuma ki sallame shi. Na gama magana."

Ta ce, "Na gode, Baba. Za su zo."

Da ƙarfin zuciya ta faɗi haka, don ita dai ba ta da shakka ko ta ƙwayar gero.

Gidan Malam Zakari shi ne na ƙarshe a Hayin Banki kafin filin da ake shanya hatsi, kuma bangonsa na gabas dogo ne, an shafe shi da farar ƙasa. Wannan bango shi ya jawo komai. Da motar majigi ta fara zuwa unguwar, mai unguwa ya zo da kansa ya roƙi Malam a riƙa haska hotuna a jikinsa. Malam ya yarda don kunya, amma ya kafa doka: duk wanda ke kwana a gidansa ba zai leƙa filin nan ba.

To, ɗakin Kaltume ne a bayan bangon. Tun da mijinta na fari ya rasu ta dawo gida, duk ranar majigi takan idar da sallar isha'i ta jingina da bango tana saƙar hula. Ba ta taɓa ganin hoto ko ɗaya ba. Abin da take ji kawai shi ne ƙugin injin, da hayaniyar jama'a, da muryar mai bayani, wato mutumin da ke tsaye da lasifika yana gaya wa mutane da Hausa abin da ke faruwa a hoton.

Mai bayanin nan shi ne Abdurrahim.

Wata rana da magariba ya yi sallama yana neman ruwan alwala. Da ta miƙa masa buta sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, in an zo wurin da mutumin nan ya faɗa rijiya, ka daina magana. Kana cika su da surutu, ba ka barinsu su ji tsoro."

Ya tsaya da buta a hannu. "Ke kin ga majigin ne?"

"Ban gani ba. Na dai ji su."

A daren ya gwada, ya yi shiru a wurin. Filin ya ɗauke wuta, har kukan wata mata aka ji daga baya. Daga ranar Abdurrahim bai ƙara wuce ƙofar gidan ba tare da ya tsaya ba, kuma abin da ya fara da shawara ya ƙare a soyayya mai zafi, irin wadda mace ke ƙin cin abinci saboda ita.

Kowace shekara ofishin majigi yakan tara finafinan da ma'aikatansa suka yi, a zagaya da su garuruwa, sannan alƙalai su zaɓi ɗaya a ba mai shi kofi. Wata guda kafin ranar, Kaduna ba ta da wata hira sai ta wa zai ci. Masinjoji suna musu, masu shayi suna musu, jarida ma takan buga hasashen masu hasashe.

Kaltume tana da nata ma'aunin. Ta ce dariya ba komai ba ce, ko akuya ta gifta a hoto za a yi dariya. Ita abin da take saurare shi ne lokacin da masu tallan gyaɗa suka daina kiran ciniki, da kuma abin da mata ke maimaitawa washegari a bakin famfo. Shekara biyu a jere ta gaya wa Abdurrahim fim ɗin da zai ci, ya kai jarida da sunansa, kuma duka biyun bai kuskure ba. A ofis har suka laƙaba masa Malamin Duba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan, amma ita ko a jikinta. Cewa take yi ɗaukakarsa ai tata ce.

Bana kuwa, shekarar 1958, abin ya wuce kofi. Baturen da ke shugabancin sashen zai koma gida, kuma kowa ya san wanda fim ɗinsa ya ci shi zai hau kujerar. Mutum biyu ne a gaba. Malam Husaini ya yi fim mai launi, ga jirgin sama ga manyan motoci, duk gari ya ce shi ne. Malam Idris kuwa nasa baƙi da fari ne, labarin wata tsohuwa da ta ƙi zuwa asibiti har ta kusa makancewa. Ma'aikata suka kwashe suka koma gaisuwa gidan Husaini, ƙofar gidan Idris a Unguwar Sarki ta zama ko kaza ba ta kiwo.

Mako uku da suka wuce Abdurrahim ya tambaye ta. Ta ce, "Na Malam Idris ne. Ranar da aka haska shi babu wanda ya sayi gyaɗa, kuma har yau matan unguwar nan suna kiran junansu da sunan tsohuwar."

Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Kin tabbata?"

"Na taɓa yi maka kuskure?"

Ya ce wannan karon ba zai kai jarida ba, zai riƙe a cikinsa. Ya ce in Malam Idris ya hau, shi zai tabbatar da shi a aiki, washegari kuma manyansa za su zo. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga Hayin Banki. Ita kuma ta ce aiki ne ya yi masa yawa. So hana ganin laifi.

Da hantsi, bayan ta fito daga wurin Malam, tana tsakar gida tana tankaɗe sai ga Balaraba ta yi sallama. Balaraba 'yar ƙanwar Inna ce, mahaifiyar Kaltume, tana aure a Unguwar Sarki, katangarsu ɗaya da gidan Malam Idris. Mace ce mai baki kamar reza, amma yau ta shigo shiru, ko gaisuwar kirki ba ta yi wa Inna ba. Ta kama hannun Kaltume ta ja ta ɗaki.

"Lafiya, Yaya Balaraba?"

Balaraba ta kwance bakin gyalenta. Goro biyu farare da alawa guda suka faɗo kan tabarma.

"Na wa aka raba?" in ji Kaltume tana murmushi.

"Na sa ranar Sa'adiya ne, 'yar Malam Idris. Jiya da yamma aka sa, wata biyu masu zuwa."

"Allah ya sanya alheri. Wa ta samu?"

Balaraba ta dubi goron, ta dubi ƙasa, sannan idonta ya ciko.

"Kaltume, na rantse da Allah da idona na gan shi. Mako uku ke nan kullum kekensa yana jingine a ƙofar gidan. Na ɗauka aikin ofis ne. Malam Idris har yana gaya wa maigidana wai duk duniya ta guje shi sai yaron nan, wai ya ga ɗan halak, shi ya sa da ya nemi 'yarsa bai ko yi shawara ba."

"Wane yaro?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Ki faɗi sunansa."

"Abdurrahim."

Kaltume ba ta yi ihu ba. Ta zauna daɓas a bakin gado, garin da ke hannunta ya bar farin shaida a zaninta. Mako uku. Ta ƙirga a ranta, ta sake ƙirgawa. Ranar da ta gaya masa wanda zai ci, ranar ce ya san gidan da zai kai kekensa.

"Ni na nuna masa ƙofar," ta ce a hankali. "Yaya Balaraba, da bakina na zaɓa masa suruki."

Sai a sannan kukan ya zo, mai cin rai, irin wanda ba ya fita da sauti. Balaraba ta rungume ta tana zagin Abdurrahim tun daga hularsa har takalminsa. Inna ta leƙo, ta ji abin da ya faru, ta koma madafa tana salati tana share ido da bakin zani.

Da kukan ya lafa, Balaraba ta riƙe kafaɗunta.

"Saurara, ban gama ba. Na haɗu da shi a hanyar Kawo yanzu, ya ce in gaya miki zai zo da la'asar. Bai san na sani ba. Kin ga fuskarsa kuwa? Kamar wanda ya kwana da zawo. Jaridar yau mutum bakwai suka yi hasashe, duk bakwai ɗin Husaini suka ce. Tsoro ya kama shi."

"To, ni me zan yi masa?"

"Ke ba ki da wayo ne? Maganarki yake bi kamar makaho da sanda. Ki ce masa kin sake tunani, kin yi kuskure, Idris ba zai ci ba. Wallahi kafin magariba zai aika a fasa. Gobe in gaskiya ta fito, ya riga ya rufe wa kansa ƙofa a can, ba shi da wurin zuwa sai nan. Kalma ɗaya ce, Kaltume, ki dawo da abinki."

Zancen ya shigi Kaltume, kada in yi muku ƙarya. Ta yi sallar azahar da shi a ranta, ta kasa cin tuwo da shi a ranta. Tana son mutumin nan, so na haƙiƙa, kuma jin abin da ya yi bai kashe son ba, ƙara masa ciwo kawai ya yi.

Ana idar da la'asar ta ji ƙararrawar kekensa.

Ta same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gida inda suka saba tsayawa. Ya sha farar riga da hula zanna, jarida a naɗe a hannunsa. Ya yi mata murmushin nan nasa, ya saki muryar da ta fara so tun ba ta san fuskarsa ba.

"Ranki ya daɗe, gimbiyar Hayin Banki. Kin yi fushi da ni ko? Aiki ne wallahi."

Ta buɗe tafin hannunta. Goro biyu da alawa.

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya dubi hanya, ya gyara tsayuwar keken da ba ta buƙatar gyara.

"Wa ya kawo miki?"

"Abin da za ka fara tambaya ke nan?"

"Kaltume, ki tsaya ki fahimce ni. Na yi niyyar in gaya miki da kaina."

"Yaushe? Ran ɗaurin aure, ko ran suna?" Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Shekara biyu, Abdurrahim. Sau uku mahaifina yana korar mutanen kirki saboda kai. Yau da safe na durƙusa a gabansa na ce masa manyanka za su zo. Ashe sun riga sun je wani gidan, har sun ci goro."

"Ba yadda kike zato ba ne. Ke ba ki san ofis ba. Shekara shida ina yawo a bayan mota kamar buhun gawayi, yau Katabu gobe Zariya, kuma har yanzu sunana ma'aikacin wucin gadi. Ba ni da uba a gwamnati, ba ni da kawu. Dama ce ta zo sau ɗaya. In na tsaya a matsayin yaron Malam Idris kawai, gobe in ya hau mutum ɗari za su rufe shi, ya manta da ni. Amma suruki ba a manta shi."

"Ita Sa'adiyar kana sonta?"

Ya ce, "Yarinya ce mai hankali."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ke ma kin san wadda nake so." Ya matso, ya rage murya. "Mahaifinki fa bai taɓa ƙaunata ba, ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Da na turo ma wa ya san abin da zai ce? Ki yi haƙuri, komai zai daidaita. Ba rabuwa za mu yi ba. Ni da ke ai ba mu rabuwa, ko don aikin nan. Baɗi ma akwai kofi."

Kaltume ta ɗago ta dube shi sosai. Baɗi ma akwai kofi. Wato har ya tsara mata wurin zamanta: bayan bango, tana saurare, shi yana karɓar gaisuwa.

"Me ya kawo ka yau?" ta ce. "Faɗi gaskiya ko sau ɗaya. Ba haƙuri ka zo ba ni ba, tun da ba ka san na sani ba."

Ya juya jaridar a hannunsa.

"Mutum bakwai, Kaltume. Har da waɗanda suka san alƙalan. Duk sun ce Husaini. Jiya Husaini ya wuce ni a ofis ko kallona bai yi ba, in ya hau kujerar nan kashina ya bushe. Ban yi barci ba. Na ce bari in zo in ƙara ji daga bakinki. Kin tabbata? Ba ki ji wani abu daban ba tun daga ranar?"

Ga ta nan, damar da Balaraba ta faɗa, ta zo har hannunta. Ta ji kalmar ta hau kan harshenta.

Sai ta ce, "In na ce maka na yi kuskure fa? In na ce Malam Idris ba zai ci ba?"

Ko numfashi bai ja ba.

"Ai sai in aika kawuna yau ɗin nan a ce an fasa. Sa rana ce kawai, ba aure ba. Jibi da safe kuma su zo wurin Malam, kamar yadda na yi miki alkawari. Dama ke ce a raina, Allah ya sani."

"Ita kuma yarinyar da aka raba goronta a unguwa?"

"Za ta samu wani. Ke dai faɗa mini."

Ya ƙura mata ido, bakinsa a ɗan buɗe, yana jira. Kaltume ta ga abin da ba ta taɓa yarda ta gani ba. In fim ɗin tsohuwa ya faɗi, ita Kaltume ce matarsa. In ya ci, Sa'adiya ce. Su biyun duk bai ga ko ɗaya ba, kujera yake kallo. Kuma da a ce Malam Husaini yana da 'ya budurwa, da yanzu keken nan yana wata ƙofar.

Wani abu ya mutu a ƙirjinta a tsayen nan, ta ji mutuwarsa. Baƙin ciki ya cika ta har wuya, amma kukan ya tsaya.

Ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta juya tafinsa ta zuba masa goron da alawar.

"Ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba kuma zan fara yau don in same ka ba. Masu jarida ido suke bi, ni kuwa na ji mutane. Malam Idris zai ɗauki kofin gobe. Ka riƙe ranarka, ka je ka yi aurenka. Kada ka ƙara tsayawa a ƙofar gidan nan, kada ka ƙara aiko mini da kowa."

Ta tsaya. Wauta ce, ta sani, amma ta tsaya. Wani ɓangare na zuciyarta yana jira ya ce a'a, ya ce kofin ya ci kansa, ya ce ba zai iya rasa ta ba.

Abdurrahim ya lumshe ido. Kafaɗunsa suka sauka, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," ya ce.

Sai da kalmar ta fita ya tuna a gaban wa yake. Ya buɗe ido da sauri, ya fara, "Kaltume, ba haka nake nufi..."

"Haka kake nufi," ta ce. "Shekara biyu ina sauraron muryarka, ban taɓa jin ta faɗi gaskiya kamar yanzu ba."

Ta juya ta shiga zaure. Malam Zakari yana zaune inda ta bar shi da safe, carbi a hannunsa, kuma daga yadda ya ƙi dubanta ta san ya ji komai. Ta durƙusa a gabansa, ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita.

"Ba sai kin faɗa ba, uwata," in ji shi. "Zo nan."

Ta kifa kanta a kan gwiwarsa kamar ƙaramar yarinya, kukan ya ɓalle. A waje ta ji an janye keke daga jikin bishiya. Bai ko yi jinkiri ba, har da kaɗa wa wani ƙararrawa ya ba shi hanya.